Na Goma Sha Huɗu Yana Hannuna: Ta'aziyyar Nametso Serame

Ranar Talata, tara ga watan Yulin 2024, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Nametso Serame a wani asibiti a Gaborone, tana da shekara arba'in da tara a duniya. Ciwon daji ne, wanda ta ɓoye wa yawancinmu har ya ci ƙarfinta. An binne ta ranar Asabar, goma sha uku ga wata, a Kanye, garin iyayenta. Ta bar mahaifiyarta, da ƙanne biyu, da 'yarta guda, Tsaone. Ta kuma bar Modumo, 'yar mujallar nan ta masu kiɗan metal da pank, kiɗan jita da ganga mai ƙara da ruri, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana yankawa da almakashi, tana liƙawa da gam, tana ɗinkewa da zare a kan teburin kicin ɗinta.

Labarin ya same ni a shagona na fotokofi da ke bayan tashar motoci, ina durƙushe ina ciro takardar da ta maƙale a inji. Na ajiye wayar, na sallami mutum uku da ke jira, na ja ƙofa na zauna a ƙasa.

Nametso, ni ne Ditiro mai ganga, wanda kika yi shekara ashirin da ɗaya kina buga sunansa a bayan kowace fitowa. Akwai mutum ɗari da suka fi ni cancantar rubuta ta'aziyyarki. Amma 'yarki ta ce ni zan rubuta, ta kuma ce kada in rage komai. Abin da ke tsakaninmu kowa ya san rabinsa: fitowa ta goma sha huɗu ta Modumo ba ta taɓa fita ba, domin na riƙe asalin shafukanta na hana ki. Ɗaya rabin ni kaɗai na sani, kuma na bari kin mutu ba ki ji shi ba. Zan kai gare shi. Bari dai in fara da alherinki, don shi ya fi yawa.

A shekarar 1998 na fara ganinki. Ina ma'aikaci a wani shagon fotokofi a lokacin, kika shigo da shafi takwas a cikin ambulan, gam bai gama bushewa ba, kika ce kina son kwafi hamsin. Na duba na ga hotunan samari masu rigunan fata da malafar makiyaya, na gane uku daga cikinsu. Na ce miki ni ma ina kaɗa ganga a wata ƙungiya mai suna Diphiri. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce kin taɓa jinmu, amma hakan ba zai hana mu zama abokai ba. Maigidan shagon, wani dattijo mai sauƙin kai, ya ce in dai da takardarmu za mu zo, injin namu ne kowace Asabar bayan azahar. Daga ranar na zama mai buga Modumo, har fitowa goma sha uku.

Wanda bai zauna cikinmu a shekarun nan ba, ba zai san abin da kika yi mana ba. Rediyo ba ya sa kiɗanmu. Jaridu ba sa tunawa da mu sai ranar da suke neman wanda za su kira ɗan shaiɗan. Ƙungiya takan kafu a gareji, ta yi wasa huɗu, mai jita ya sami aiki a wani gari, shi ke nan ta watse kamar ba a yi ta ba. Ke ce kika ce ba za ta saɓu ba. Kina aikin akawu a shagon kayan gyaran mota, albashinki bai taka kara ya karya ba, amma duk inda aka jona wa amsa-kuwwa wuta a ƙasar nan sai an gan ki da ɗan littafinki da tsohuwar kyamararki.

Na tuna wasan Ghanzi. Kin kwana biyu kina shiri, kika yi wuni guda a mota, kika tarar da ƙungiya uku da 'yan kallo goma sha ɗaya a wani fili bayan shagon walda, sai awaki da ke zagaye. Da wani ne, da ya juya ya koma gida. Ke kuwa kika bi mutum goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya kika rubuta sunansu da aikinsu, kika buga su duka a fitowa ta shida, har da matar da ta zo sayar da magwinya, fanken nan namu, ta tsaya don kawai ba ta da inda za ta kai kaskonta. Ɗaya daga cikinsu, wani mai gyaran famfon burtsatse, ya sa wa shafin gilashi ya rataye a ɗakinsa. Ya gaya mini da bakinsa cewa ban da katin shaidarsa, nan ne kaɗai aka taɓa buga sunansa.

Na tuna kuma ranar da dattawan wani ƙauye suka kai ƙararmu kgotla, dandalin shari'ar hakimi, suna so a hana taronmu na shekara, wai mun zo lalata musu 'ya'ya. Mu maza muka zauna muna zare ido, babu mai ƙwaƙƙwarar magana. Ke kika zo da dogon siket da ɗankwali kamar yadda wurin yake buƙata, kika yafa rigar fatarki a kafaɗa, kika gaida hakimi da dattawa cikin ladabin da ko kakarki sai haka. Sannan kika buɗe Modumo kika karanta musu adadin bargunan da muka tara wa marayun ƙauyen a sanyin da ya wuce, da sunan duk gidan da ya karɓa. Wata tsohuwa ta miƙe ta ce da bargon jikanta yake kwana. Hakimi ya ce a yi taron, amma a kashe amsa-kuwwa idan shanu sun dawo daga kiwo. Kika yi godiya, kika bar masa kwafi ɗaya.

Haka kike da nesa ma. Wasiƙu na zuwar miki daga Maputo da Durban da Nairobi, kina aika musu Modumo suna aiko miki da nasu mujallun da kasakasai. Direbobin motocin Maun da Francistown duk sun san ƙunshinki. Yara nawa ne suka kwana a tabarmar falonki don sun zo wasa babu wurin sauka? Nawa kika koya wa yadda ake ninke takarda a jera shafi? Ba ki taɓa ajiye wa kanki kwafi ko ɗaya ba. Kinkan ce mujallar da ke kwance a akwatin mai ita gawa ce, don haka na ƙarshen ma sai kin miƙa wa wani. Abin da kike riƙewa shi ne asalin shafukan da kika liƙa da hannunki, kina adana su a gwangwanin biskit ƙarƙashin gado.

Dole in tsaya a kan waɗannan shafukan, don su ne tushen maganar. A shagonku akwai tafireta da injin faks. Idan kika buga rubutu a tafireta, sai ki zura shi cikin faks ɗin ya fito a kan takardarsa mai santsi, haruffan sun yi kauri sun yi kaushi, hotuna sun koma baƙi da fari zalla. Wannan dattin kike so, kin ce shi ne ya yi kama da kiɗan. Ƙungiyoyin da ke nesa kuma ta faks suke amsa tambayoyinki, ki yanka amsar yadda ta zo ki liƙa. Duk sanda kika miƙo mini ambulan sai kin maimaita mini magana ɗaya har na gaji da jinta: takardar faks ba ta son zafi, ba ta son rana, in buga yau in dawo miki da asalin gobe.

Akwai ƙa'idarki guda da ta sa ake jin tsoronki ake kuma girmama ki. Ba kya yabon abin da bai yi miki ba, ko na wane ne. Mun sha dariya idan kin yi wa wasu wankin babban bargo. Ni ne ma kan gaba, ina karantawa da ƙarfi a bakin inji tun takardar da ɗuminta. Bai taɓa zuwa raina ba cewa wata rana layi zai zo kaina.

A watan Fabrairun 2003 Diphiri muka fitar da kaset ɗinmu na farko, wanda kuma ya zama na ƙarshe. Shekara biyu muka yi muna fama da shi. Wata Asabar kika kawo ambulan ɗin fitowa ta goma sha huɗu, shafi goma sha shida, kika ce kina sauri. Na ga kin ɗan kauce wa idona, ban kawo komai ba. Na ɗaga murfin inji, na fara jera shafuka. Huɗu na tsakiya hira ce da Otsile, mawaƙin wata ƙungiya ta Maun, makaniki a wani sansanin masu yawon buɗe ido, wanda ya amsa tambayoyinki da rubutun hannunsa ya turo ta faks. Idona ya bi ta kansu ya wuce, don sunanmu nake nema. Na same shi a shafi na goma sha uku.

Ga abin da kika rubuta, babu harafin da na sauya: "Diphiri sun fitar da kaset. Waƙa shida aka ce, amma ɗaya ce aka yi sau shida. Mai gangarsu, abokina Ditiro, yakan isa ƙarshen waƙa sauran suna tsakiya, sannan ya juyo yana hararsu. Ku nemi kaset ɗin, don yaran suna da zuciya. Amma Ditiro ya koyi sauraron mutanen da yake kiɗa da su."

Layi biyar ne. Na karanta su ya fi sau ashirin a tsaye a wurin. Zuciya ta ɗebe ni, na mayar da shafukan cikin ambulan, na kashe injin. Da kika zo washegari na ce miki ba zan buga ba sai kin cire, kuma ba zan mayar miki ba sai kin ba ni haƙuri. Kika ce ba ki ga abin ba da haƙuri a cikin gaskiya ba, idan na huce na san hanyar gidanki. Ina da shekara ashirin da bakwai a lokacin, ina jin duniya ta taru ne don ta kalli yadda nake kaɗa ganga.

A watan Mayu motar su Otsile ta yi karo da saniya tsakanin Nata da Maun, ya mutu nan take. Na je jana'izar, na gan ki daga nesa, ba ki yi mini magana ba. Wallahi ban san akwai wani abu tsakaninku ba, babu wanda ya sani. Sai da cikinki ya fito, sai da aka haifi Tsaone a watan Oktoba, sannan na gane 'yar Otsile ce, na kuma gane abin da ke kwance a akwatina. Mai hankali da ya ɗauki ambulan ya tafi barka da shi. Har na yi niyya. Sai ga sabuwar Modumo ta fito, wani shagon ya buga miki, kin tsallake lamba kin sa mata goma sha biyar, a bangon baya kuma kin rubuta da manyan baƙaƙe: "Na goma sha huɗu yana hannun Ditiro."

Daga nan ban ƙara shiga taro ba tare da wani ya tambaye ni ba. Abin ya zama gaisuwa. A ce, "Mai ganga, ina kwana, ina na goma sha huɗu?" Wata ƙungiyar yara har waƙa suka yi da shi. Kowace fitowa layin yana nan a wurinsa, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa sai na yi ƙememe, na ce tunda tozarta ni kike so, mu zuba. Ƙarshen shekarar na sami aiki a Selebi-Phikwe. Na zuba tarkacena a akwatin ƙarfe, har da ambulan ɗinki, na tura shi cikin ɗan ɗakin kwano da ke bayan gidan mahaifiyata a Mogoditshane, na rufe na tafi. Shekara shida ya yi a can. Duk wanda ya san zafin Oktoba a ƙasar nan ya san abin da ɗakin kwano yake zama da tsakar rana.

Na dawo a 2009, fushin ya daɗe da mutuwa. Diphiri sun watse, na kuma saurari kaset ɗin nan da kunnen babba, na ji abin da kika ji. Makon da na dawo na je na buɗe akwatin da nufin in kai miki kayanki, har na sayi 'yar tsana zan ba Tsaone. Na zaro shafukan, sai na ga sun koma baƙi ƙirin. Duk inda takardar faks take, zafi ya ƙone ta, ba harafi, ba hoto, sai ɗan farin gefe inda kika bar fili da tabon gam. Na ɗaga su ga rana, na duba da tocila, na sa su a inji na rage duhu har ƙarshe. Babu abin da ya fito. Na zauna a ƙofar ɗakin kwanon nan har inuwa ta juya, sannan na mayar da su cikin ambulan.

Wannan shi ne rabin da ba ki sani ba. Fushina shekara shida ya yi, sauran goma sha biyar ɗin kunya ce. Na gwammace ki ɗauke ni mai riƙo da taurin kai da ki san na kashe miki abin da ba shi da madadi. Idan aka tsokane ni a taro sai in yi murmushin mai abu a hannu, in ce lokaci bai yi ba.

Ke kuwa ba ki taɓa haɗa wannan da sauran zumunci ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mahaifiyata ta rasu a 2015, kin riga 'yan'uwana zuwa. Kwana huɗu kika yi a bakin tukwane tare da matan unguwa, kina dafa shayi kina gasa burodi don masu zuwa addu'ar yamma. Ke kika tsara takardar jana'izarta, kika zauna da yayyenta kika tattaro tarihinta, kika ɗinke kwafi ɗari biyu da zarenki. Murhun da kike girki taku goma ne tsakaninsa da ɗakin kwanon. Ko sau ɗaya ba ki tayar da maganar ba. Na sha tsayawa a bayanki ina haɗa kalmomin a bakina, sai wani ya kira ni, in ji daɗin kiran in tafi.

Zuwanki na ƙarshe shagona a watan Maris ne na bana. Kin shigo da ledar magwinya, kika ajiye a kan inji inda kin san na hana a ajiye abinci.

"Mai ganga, har yanzu kana kokawa da injinan nan?"

"Mma Tsaone, ke kuma yunwar ganganci kike yi? Rigar fatar nan ta koma miki bargo."

"Sabon yayi ne. Ka tsufa, ba za ka gane ba."

Muka yi dariya. Na ci uku, ke ba ki taɓa ko ɗaya ba, ban kuma lura ba sai daga baya. Kika jira mai jiran takardunsa ya fita, sannan kika ja kujera.

"Ditiro, na gaji da wasan nan. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin rubutun hannun ubanta ba. Hoto ɗaya gare ta, shi ma ya ba kyamara baya. Ka ba ni shafi huɗun nan kawai, ka riƙe sauran. In haƙuri kake jira, to ka yi haƙuri. Ga shi na faɗa."

Shekara ashirin da ɗaya ba ki janye kalma ɗaya da kika rubuta ba, ga shi kin janye a gabana. Da na san ki yadda nake taƙama na san ki, da wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa ba lafiya. Na dubi inji, na ce zan duba, mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa," kika maimaita. "To, Rra," wato yallaɓai.

Kika ɗauki jakarki kika fita a hankali, kina dafa bango. Ban sake ganinki ba.

Mutane sun zo jana'izarki, Nametso. Sun zo daga Maun da Ghanzi da Francistown da Phikwe, a manyan motoci da babura, da furfurarsu da rigunan fatarsu da suka yi musu kaɗan. Su suka haƙa kabarin, su suka ɗauki akwatin, suka yi waƙoƙin coci da muryoyin da aka saba ji suna ruri, har fasto ya ce bai taɓa samun mawaƙa irinsu ba. Tsaone ta riga ta aika cewa duk mai tsohuwar Modumo ya zo da ita. Aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfa, tana karɓa tana jerawa bi da bi. Wasu sun yi laushi don karatu, wasu da tabon man inji, ɗaya an ciro ta ne daga cikin gilashi. Kafin a gama cin seswaa, dakakken naman da ake ci a jana'iza, an haɗa daga ta ɗaya har ta arba'in da ɗaya. Tsakanin ta goma sha uku da ta goma sha biyar, 'yarki ta bar fili daidai faɗin mujalla guda. Wani tsohon abokinmu ya buɗe baki zai yi tsokanar da aka saba, ya dubi fuskata, ya fasa.

Ambulan ɗin yana cikin rigata tun daga Gaborone. Da mutane suka fara raguwa na kira Tsaone gefe, bayan gida inda ake wanke tukwane, na miƙa mata, na gaya mata duk abin da na rubuta a nan. Ta zaro shafukan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan huɗun tsakiya sai ta ɗaga su ga rana, yadda na yi shekara goma sha biyar da suka wuce. Ta daɗe a haka.

"Amma ai kai ka gani, Kawu Ditiro. Me ya ce?"

Na ce mata rubutunsa ya karkata hagu. Na ce akwai zanen ɗan kada a kusurwar shafi ɗaya, akwai kuma amsar da ya soke ya sake rubutawa. Ta ce ba shi take tambaya ba, me ya ce? Na ce ban karanta ba.

"Abin da Mama ta rubuta a kanka fa?"

Na karanto mata shi da ka, daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ba. Ta dube ni ta ce, "Wato wannan ka haddace."

Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Bara ta je Maun neman dangin ubanta. Gwaggonta ta ce mata ai takardun da Otsile ya rubuta da hannunsa, waɗanda ya zura a faks, sun daɗe a cikin jakarsa a ɗakin mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta bari a taɓa jakar ba har ta rasu a 2013. Bayan nan aka share ɗakin, aka ga gara ta fara cin takardun, aka ƙone su. Ke kuwa ba ki taɓa bin sawunsu ba, domin kin tabbata naki yana nan lafiya a hannun Ditiro, taurin kai ne kawai, wata rana zai gaji. Tsaone ta yi lissafin a gabana da yatsunta. Da na buɗe baki a 2009, da akwai sauran shekara huɗu, da motar Maun kawai za ki hau.

Ta mayar da shafukan cikin ambulan ta miƙo mini, ta ce fitowa ta goma sha huɗu za ta fita, yadda take, baƙin shafi goma sha shida, a liƙa bayanina a gaba. Ta ce ni zan rubuta, ni kuma zan tsaya a bakin inji in buga, ita za ta ɗinke.

"Ban ce na yafe ba, Kawu. Cewa na yi ka buga."

To ga shi na rubuta. Ranar Asabar mai zuwa bayan azahar zan buga kwafi ɗari biyu. Baƙin shafi shi ya fi wahalar da inji, yana shan tawada yana sa shi zafi, sai an riƙa tsayawa ana bari ya huce. Zai cinye mini wunin duka, kuma ba zan bari kowa ya karɓe ni ba.

Ina da roƙo ga duk wanda wannan fitowa ta faɗa hannunsa. Idan ka san Otsile na Maun, idan kun yi aiki tare, ko ka taɓa jin ya yi wata magana da ta zauna maka, ko da wasa ne, ko da zagi ne, ka rubuta da hannunka ka aiko wa Tsaone ta adireshin Modumo. Waɗanda suka san shi suna ta raguwa. Kada ka ce sai mako mai zuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Nametso, mahaifiyar marigayiya, wadda ta binne 'yar da ya kamata ta binne ta, Allah ya ba ta ƙarfin ɗauka. Ina yi wa ƙannenta biyu da dukkan dangin Serame na Kanye ta'aziyya, da dangin Otsile na Maun, da duk masu rigar fata da suka taɓa ganin sunansu a shafinta. Tsaone, Allah ya raya ki, ya tsare ki, ya haɗa ki da mutanen da suka fi kawunki gaskiya.

Ke kuwa Nametso, ban roƙi gafararki ba lokacin da kike iya amsa mini, saboda haka ba ni da bakin roƙonta yanzu da ba za ki iya hana ni ba. Allah nake roƙo ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sanyaya makwancinki, ya saka miki da alheri a kan kowane suna da kika rubuta don kada a manta da mai shi. Allah ya sa kin huta. Amin.

Ditiro Phuthego
Gaborone, Yuli 2024